Bargo a Cikin Silin: Tarihin Yadda Birtaniya Ta Koyi Tare Ɗumi a Gida

A kusan kowane gida a Birtaniya akwai wani wuri mai duhu tsakanin silin da rufi. Ana hawa ta wata 'yar ƙofa da aka yanka a silin, da tsani. Babu mai kwana a can, sai tsofaffin akwatuna da kayan wasan yaran da suka girma, da tankin ruwa a gidajen da. Mu a nan mukan ce masa cikin silin, kuma ba ma tunawa da shi sai ɓera ya dame mu da guje-guje, ko mai gyaran wuta zai ja waya.

A can wannan wuri ya shiga siyasa. An yi doka a kansa, gwamnatoci sun kashe maƙudan kuɗi, wasu sun tare manyan hanyoyi har aka ɗaure su, duk a kan wata shimfiɗa mai kama da auduga da ake jerawa a bayan silin don ta hana ɗumin ɗaki tserewa. Hukumomin makamashi na ƙasar sun ƙiyasta cewa gidan da ba shi da wannan shimfiɗa yana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta rufi. A ƙasar da ake sayen ɗumi da kuɗi wata biyar ko shida a shekara, wannan daidai yake da ɗiban ruwa da kwando.

Za mu kira shimfiɗar bargon silin, domin aikinta aikin bargo ne. Tarihinta ya cancanci mu sani, saboda abin da ke hana zafi fita daga gida a Landan shi ne yake hana shi shiga gida a Sakkwato.

Sirrin yana cikin iska

Tun kafin a san dalili, mutanen ƙasashen sanyi suna lulluɓe gidajensu. Mutanen Aislan sun yi ɗaruruwan shekaru suna rufe gida da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa. A tsibirin Læsø na ƙasar Denmak, da busasshiyar ciyawar teku ake yin rufi mai kaurin gaske. Ƙauyukan Ingila kuma jinkar ciyawa suka sani, kamar yadda muka santa.

Wanda ya fara auna al'amarin da kyau shi ne Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford. Haifaffen Amurka ne, amma a ƙarshen ƙarni na 18 yana yi wa sarkin Bavaria aiki a Jamus, kuma tufafin da za su fi kare sojoji daga sanyi na cikin abin da ya dame shi. Sai ya riƙa naɗe ma'aunin zafi da ulu, da siliki, da gashin dabba, da gashin tsuntsu, yana duba wanda zai fi jinkirta hucewa. Sakamakon da ya wallafa a 1792 ya nuna cewa iskar da ta maƙale tsakanin zare da zare ita ce ke yin aikin. Iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi daga nan zuwa can da sauri.

Duk wanda ya ga kaza ta buɗa gashinta da safiyar hunturu ya ga wannan ilimi da idonsa. Kazar tana ƙara iska ne a cikin gashin. Kowane bargon silin da aka ƙera daga baya, ko da gilas, ko da dutse, ko da tsohuwar jarida, dabarar ɗaya ce: a kama iska a hana ta yawo.

Audugar da aka yi da dutse da gilas

Ciyawa da auduga suna da aibi uku: suna ruɓewa, ƙwari na cin su, wuta na kama su. Don haka masu masana'antu suka shiga neman zaren da ba ya ƙonewa. A 1840 wani mai suna Edward Parry a yankin Wales ya gano cewa idan aka busa dattin ƙarfe da ya narke, yakan zama zare-zare kamar ulu. Sai dai zaren ya riƙa tashi cikin iska yana cutar da ma'aikata, dole aka bar sana'ar. A 1871 aka fara yin wannan ulu don sayarwa a garin Georgsmarienhütte na Jamus, kuma a 1937 kamfanin Rockwool ya fara narka dutse yana yin nasa a Denmak.

A Amurka wani ɗan kasuwar Boston, Samuel Cabot, ya riƙa ɗinke ciyawar teku tsakanin takardu masu kauri tun shekarun 1890, yana sayarwa a naɗe kamar tabarma. Irin wannan dabara ce Kyaftin Robert Scott da mutanensa suka yi amfani da ita a 1911, lokacin da suka kafa bukkar katako a yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya: ciyawar teku da aka ɗinke kamar katifa suka cusa tsakanin katakan bango. Bukkar tana nan tsaye har yau.

Babban sauyi ya zo a 1932, kuma da tsautsayi ya zo. Wani matashin mai bincike a kamfanin Owens-Illinois, Dale Kleist, yana ƙoƙarin liƙa tubalan gilas, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilas ta mayar da shi zare siriri. Shi da Games Slayter suka gyara dabarar har ta kai a yi da yawa a kan araha, aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938. Daga nan audugar gilas ta zama abin da mai matsakaicin ƙarfi zai iya saya.

Ba duk abin da aka zuba a silin ne ya zama alheri ba. Miliyoyin gidajen Amurka sun zuba wani ma'adini mai suna vermiculite, wanda yake kumbura idan an gasa shi. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na wanda aka sayar a ƙasar tsakanin 1919 da 1990 daga mahaƙar garin Libby ta jihar Montana ya fito, kuma ma'adinin wurin gauraye yake da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Ɗaruruwan mutanen garin sun mutu. An rufe mahaƙar a 1990, a 2009 kuma gwamnatin Amurka ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyar jama'a a yankin. Birtaniya ba ta haramta asbestos gaba ɗaya ba sai a 1999.

Ƙasar kwal, gidajen sanyi

Abin mamaki shi ne Birtaniya, duk da sanyinta, ta makara wajen karɓar bargon silin. Dalilin shi ne kwal. Ƙasar tana zaune a kansa, yana da araha, kuma gidajenta an gina su ne don murhun kwal da ke jikin bango, mai bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Irin wannan murhu yana buƙatar iska ta riƙa shigowa ɗakin, kuma mafi yawan zafinsa bututun yake bi ya fice. Iyali sukan taru a ɗaki ɗaya gaban wuta, gaba ya yi zafi baya ya yi sanyi. Ɗakunan kwana ba a ɗumama su, har akan wayi gari ƙanƙara ta kama gilashin taga ta ciki. Mutumin da ɗaki ɗaya kawai yake ɗumamawa ba zai damu da abin da ke fita ta silin ba.

Hayaƙin kwal ne ya fara karya wannan al'ada. Daga 5 zuwa 9 ga Disambar 1952 wani baƙin hazo ya rufe Landan, mutum ba ya ganin ƙafarsa a wasu unguwanni. Aƙalla mutum 4,000 suka mutu nan take, binciken baya kuma ya kai adadin kusan 12,000. A 1956 majalisa ta yi dokar tsabtace iska, aka fara hana ƙona kwal mai hayaƙi a cikin birane.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Rahoton kwamitin Parker Morris na 1961 ya ce gidan zamani ya kamata ya kasance da na'urar ɗumama shi. Hunturun 1962 zuwa 1963 ya zo da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, bututun ruwa suka daskare suka fashe a gidaje ba adadi. An gano iskar gas a ƙarƙashin Tekun Arewa, kuma daga 1967 zuwa 1977 aka bi gida-gida ana sauya murahu da na'urori don su yi aiki da ita. A 1970 kusan gida ɗaya cikin uku ne ke da tukunyar da ke tura ruwan zafi ta bututu zuwa kowane ɗaki. Yau kusan kowane gida yana da ita.

Da aka fara ɗumama gida gaba ɗaya, sai ɓarnar rufi ta fito fili. Dokokin gini na 1965 na Ingila da Wales su ne suka fara sa iyaka ga zafin da rufin sabon gida zai riƙa zubarwa, amma iyakar mai sauƙi ce ƙwarai. Shimfiɗar da ba ta wuce milimita 25 ba, wato kaurin inci ɗaya, ta isa a cika sharaɗin. Makamashi na da araha, ba wanda ya ga dalilin wahala.

Shekarar da mai ya yi tsada

Ranar 6 ga Oktoban 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Masar da Siriya. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙowa, suka hana sayar wa ƙasashen da ke goyon bayan Isra'ila. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12.

Birtaniya ta sha duka biyu a lokaci guda, domin masu haƙar kwal ma sun shiga takaddama da gwamnatin Edward Heath a kan albashi. Daga 1 ga Janairun 1974 aka taƙaita wa masana'antu da shaguna wutar lantarki zuwa kwana uku a mako. Gidajen talabijin suka riƙa rufewa da ƙarfe goma da rabi na dare. A wannan watan aka kafa ma'aikatar makamashi mai zaman kanta, kuma kafin ƙarshen Maris Heath ya bar mulki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shawarar da injiniyoyi suka daɗe suna bayarwa ba a saurara ba, yanzu ta zama manufar gwamnati. A 1975 aka fara gangamin wayar da kai a jaridu da talabijin kan tsimin makamashi. Aka ninka kaurin da ake buƙata a sababbin gidaje zuwa kusan milimita 50. Amma sababbin gidaje kaɗan ne, tsofaffin su ne miliyoyi. Don haka a 1978 gwamnatin James Callaghan ta yi dokar da ta ba mai gida tallafin kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin shimfiɗa bargon silin da naɗe tanki da bututu. Tallafin bai wuce fam 50 ba, amma ya sa miliyoyin magidanta sun ɗauki tocila sun hau tsani.

An fara da silin ne saboda shi ya fi sauƙi. Cusa abu a bango yana buƙatar ma'aikata da injin, sauya tagogi yana da tsada, amma bargon silin naɗi ne da mutum zai saya a shago ya warware da kansa a yini ɗaya. Kaurin da ake ba da shawara ya yi ta ƙaruwa: milimita 100 a shekarun 1980, sannan 150, sannan 200, har ya kai 270 da ake faɗa yau, wato kaurin da ya fi taƙi guda.

Abin da gogewa ta koyar

Shekarun farko sun zo da darussan da ba a zata ba. Idan aka tare ɗumi a ƙasa, cikin silin yakan yi sanyi fiye da da. Tankin ruwa da bututun da ɗumin ɗaki ke karewa a baya sai su daskare. Saboda haka ƙa'ida ta zama a naɗe bututun da tankin, a kuma bar ƙarƙashin tankin ba shimfiɗa don ɗan ɗumi ya riƙa isa gare shi.

Darasi na biyu laima ce. Tururin girki da wanka da numfashi yana ratsa silin ya hau sama. In ya tarar da rufi mai sanyi sai ya koma ruwa, ya jiƙa katako har ya ruɓe. Waɗanda suka toshe kafofin iska na gefen rufi da bargon, suna ganin sun ƙara inganci, su ne suka fi gamuwa da wannan. Dole a bar iska ta riƙa ratsa saman shimfiɗar.

Na uku, katakan da ke riƙe da silin su ma suna zubar da zafi. Don haka ake yin shimfiɗa biyu: ta farko mai milimita 100 tsakanin katakai, ta biyu mai 170 a gicciye a kansu. Kuma tun da iskar da ke ciki ce ke aiki, wanda ya danne bargon da akwatuna ya rage masa amfani. Wannan ƙaramin abu ya zama babban cikas. Wani sashen gwamnati mai nazarin halayyar mutane, da aka kafa a 2010, ya lura cewa da yawa ba kuɗi ne ya hana su ba, kasalar kwashe tarkacen shekara ashirin ce. Har gwaji aka yi na haɗa aikin shimfiɗa da aikin kwashe kaya.

Talaucin makamashi

A 1991 wata mai bincike, Brenda Boardman, ta wallafa littafin da ya sauya yadda ake kallon al'amarin. Ta ce duk gidan da sai ya kashe fiye da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarsa kafin ya sami ɗumin da ya dace, yana cikin talaucin makamashi. Ta nuna cewa talaka ne ke zaune a gidan da ya fi zubar da zafi, don haka shi ke sayen ɗumi mafi tsada. Kowace shekara mace-macen hunturu a Ingila da Wales suna zarce na sauran watanni da dubun-dubata, yawanci tsofaffi, kuma gidaje masu sanyi na cikin dalilai. Ga ɗan haya kuma matsalar biyu ce: mai gida ne zai biya kuɗin gyara, ɗan haya ne zai ga sauƙin bil, saboda haka mai gida ba ya gaggawa.

A shekarar 2000 majalisa ta yi dokar yaƙi da wannan talauci, aka fara shirin Warm Front mai yi wa marasa ƙarfi aikin kyauta. Aka kuma ɗora wa manyan kamfanonin gas da lantarki nauyin rage ɓarna a gidajen abokan cinikinsu. Tsakanin 2008 da 2012 bargon silin ya yi arahar da ba a taɓa gani ba, wasu ma kyauta aka shimfiɗa musu. A 2012 kaɗai an yi wa gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Sauri ya haifi nawa

A daidai wannan lokaci Ostareliya ta nuna yadda abin kirki ke lalacewa idan aka yi gaggawa. A 2009 gwamnatin Kevin Rudd, don farfaɗo da tattalin arziki bayan rikicin kuɗi na duniya, ta ce za ta biya kuɗin shimfiɗa bargon silin a gidaje. Kamfanoni suka tsiro kamar ciyawar damina, suka ɗebi matasa ba horo suka tura su cikin silin. An yi wa gidaje fiye da miliyan ɗaya, amma matasa huɗu suka rasa rayukansu. Uku wutar lantarki ce ta kama su, biyu daga ciki suna kafe shimfiɗar gwangwani mai ƙyalli da ƙusar ƙarfe kusa da waya. Na huɗu zafin cikin silin ne ya kashe shi. Ƙaraminsu shekararsa 16. Gobara ta tashi a gidaje fiye da 200. Aka soke shirin a Fabrairun 2010, kuma kwamitin bincike na 2014 ya ɗora laifi kan yadda aka tsara shi cikin gaggawa.

Birtaniya ta yi nata kuskuren ta wata hanya. A Janairun 2013 gwamnatin David Cameron ta maye gurbin tallafi da rance, a shirin Green Deal. Mai gida zai ci bashi ya yi gyara, a riƙa cirewa a bil ɗin lantarki, da ruwan da ya kai kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Jama'a suka ƙi. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya gano cewa gidaje kusan 14,000 kawai suka karɓi rancen, bayan an kashe fam miliyan 240 na jama'a. Aka daina zuba wa shirin kuɗi a Yulin 2015. Yawan gidajen da ake yi wa shimfiɗa a shekara ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, ƙwararrun ma'aikata suka watse. Wani sabon tallafi da aka buɗe a Satumbar 2020 bai wuce wata shida ba aka rufe shi.

A Satumbar 2021 wata ƙungiya mai suna Insulate Britain ta fara zama a tsakiyar babbar hanyar M25 da ta kewaye Landan, wasu suna liƙa hannuwansu a kwalta, suna neman gwamnati ta gyara gidajen ƙasar. Sun ɓata wa direbobi rai matuƙa, kotu ta ɗaure wasunsu. Bayan wata biyar Rasha ta afka wa Yukren, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, har a Oktoban 2022 gwamnati ta shiga biyan wani ɓangare na bil ɗin kowane gida don na matsakaicin gida ya tsaya a fam 2,500 a shekara. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan rigakafi, an kashe ninkinsa a kan magani.

Duk da haka, tarihin bai ce bargon silin maganin komai ba ne. Binciken da masana a Jami'ar Cambridge suka wallafa a 2023, kan gidaje fiye da 55,000, ya nuna cewa gas ɗin da ake ƙonawa yakan ragu da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekarar farko, amma bayan shekara biyu ragin yakan ɓace. Wani dalili shi ne mutane kan ƙara ɗumama gidan ko su ƙara ɗaki. Tun a 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura da irin wannan game da kwal: idan amfani da abu ya yi sauƙi, akan ƙara amfani da shi. Ga tsohuwar da a da take kwana da rigar sanyi uku, ribar ta zo mata a ɗumi maimakon kuɗi, kuma wannan ma riba ce.

Inda labarin ya iso gare mu

Tashin farashin man 1973 da ya tura Bature cikin silin, mu kuɗi ya kawo mana. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, baitulmali ya cika, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, kuma a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cunkoso a tashar Legas. A shekarun da Birtaniya ke ƙara wa rufinta kauri, mu muna rage wa namu. Kwanon rufi ma a Landan aka ƙirƙiro shi, inda injiniya Henry Robinson Palmer ya yi masa rajista a 1829.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin yadda ake zama da rana. Soron ƙasa bangonsa na tubali ne mai kauri, rufinsa azarar giginya ce da aka jera aka ɗora wa tabarma ko zana, sannan ƙasa, aka shafe da makuba ko laso, aka sa indararo. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da Gidan Makama a Kano, shaida ne kan inda wannan ilimi ya kai. Sai dai aikin ƙasa ya bambanta da na bargo. Ƙasa tana shanye zafin rana ne a hankali, ba ya isa ciki sai yamma ta yi, da dare kuma ta sake shi, shi ya sa a bazara ake fita tsakar gida a kwana. Jinkar ciyawa ita ce ainihin 'yar'uwar audugar gilas, domin iska take kamawa.

Ba wauta ce ta sa iyayenmu suka koma kwano ba. Soro yana son yaɓe kowace shekara kafin damina, yana yoyo, wani lokaci ya rufta da mutane. Jinka tana kama wuta. Azara ta yi wuya, maginan gargajiya sun ragu. Kwano ya raba mutane da waɗannan wahalhalu, amma ya kawo tasa. Ƙarfe ne siriri da ke gasuwa da rana ya watso zafin kai tsaye cikin ɗaki, musamman inda babu silin. Sai muka koma sayen sanyi da fanka da na'urar sanyaya ɗaki da janareta, kamar yadda Bature ke sayen ɗumi.

Yanzu sanyin ya yi tsada. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar masu layin farko ya tashi daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. A farkon wannan watan garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5 a ma'aunin zafi. Tun 2017 Nijeriya take da ƙa'idar gini kan tsimin makamashi, wadda ta ambaci tare zafi a rufi, amma mai gini a Kurna ko Tudun Wada da wuya ya taɓa jin labarinta.

Abin da tarihin Birtaniya ya tabbatar yana aiki a nan ta ɗaya fuskar. Silin ko na mene ne ya fi babu. Shimfiɗa a bayan silin tana rage zafin da ke saukowa. Kafofin iska a gefen rufi suna fitar da zafin da ya taru. Kwano mai haske ko wanda aka yi wa farin fenti yana mayar da hasken rana fiye da mai duhu, ga shi kuwa yayin rufi baƙi da ruwan ƙasa ake yi. Kuma labarin Ostareliya da na Libby suna gargaɗin cewa aikin na wanda ya san waya ne, ba kuma kowane abu ake zubawa a saman kan iyali ba.

Birtaniya ta jira hazon 1952, da tsadar 1973, da ta 2022, kowane karo sai da wuya ta yi wuya ta tuna da silin. Gidajenta tsofaffi ne, gyara take yi bayan gini, kuma gyara ya fi gini tsada. Mu yawancin gidajen da jikokinmu za su zauna a ciki ba a gina su ba tukuna. Lokacin da kafinta ke saman katako, kafin a buga kwano na ƙarshe, shi ne lokacin da tambayar zafi ta fi araha.